Yadda Addini Ya Fito Dandali a Ƙasar Nijar

A ranar Jumma'a 16 ga Janairu, 2015, bayan an sauko daga masallaci, taron mutane ya bazu cikin birnin Damagaram yana ƙone-ƙone. Kashegari wutar ta kai Yamai. Kafin rana ta faɗi ran Asabar, mutum 10 sun rasa rayukansu a biranen nan biyu, 'yan sanda kuma suka ƙirga majami'u 45 da aka cinna wa wuta a Yamai kaɗai. Abin da ya ta da fitinar zanen ɓatanci ne da wata jarida ta buga a birnin Paris. Masu bi na Nijar ba su yi zanen ba, yawancinsu ko ganinsa ba su yi ba, duk da haka ɗakunan sujadarsu ne suka zama toka.

Ruwa ba ya tsami banza. Nijar ƙasa ce da aka daɗe ana yabonta saboda zaman lafiya tsakanin addinai. Ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 17 da ɗoriya, fiye da 99 cikin 100 Musulmi ne, Kirista kuwa ba su kai 1 cikin 100 ba. Jama'a kaɗan haka ba su isa su yi takara da kowa a kan mulki ba. Domin a gane yadda aka kai ga waɗannan kwana biyu, sai a koma baya a bi sawun addini, yadda ya tashi daga zaure da tsangaya ya fito dandalin siyasa, da abin da fitowar tasa ta jawo wa ƙaramar ikkilisiyar ƙasar.

Sarki, malam da bori

Tun kafin zuwan Turawa addini da sarauta suna tafiya tare a wannan yanki. An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekarar 1754 a Maratta, cikin ƙasar Gobir, ba nisa da Galmi ta yau. Jihadin da ya fara a 1804 ya kori sarakunan Haɓe daga biranensu, waɗansu suka yi arewa. Zuriyar sarakunan Katsina suka zauna a Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri wajen 1836. Waɗannan sarakuna Musulmi ne, suna da limamai da alƙalai, amma sun ƙi bin Sakkwato, ba su kuwa kori al'adun gargajiya daga fada ba. A Maraɗi akwai Iya, a Tsibiri akwai Inna, su ne shugabannin 'yan bori, suna da daraja a gaban sarki. A ƙauyuka kuma arna suna yanka wa iskoki a farkon damina ba mai hana su.

Wato sarki ya riƙe malam a hannun dama, ya riƙe mai bori a hagu, kowa da ranarsa. Malam yana yi wa sarki addu'a, yana ba shi shawara, amma hukuncin ƙarshe na mai rawani ne. Wannan tsari ya daɗe ƙwarai, har gwamnatocin da suka zo daga baya suka gaje shi ba tare da sun kira sunansa ba.

Zamanin Faransa

A shekarar 1905 Faransa ta kafa dokar raba gwamnati da ikkilisiya a ƙasarta. Wannan aƙida suna ce da ita laïcité, ma'anarta gwamnati ba ta da addinin kanta, ba ta kuma biyan limamin kowa. A can gida an yi dokar ne domin a rage ƙarfin Ikkilisiyar Katolika. A ƙasashen da ta mallaka kuwa abin da Faransa take tsoro shi ne malami mai tara jama'a. Tawayen Kobkitanda na 1905 zuwa 1906, wanda wani malami makaho, Alfa Saibu, ya jagoranta, da yaƙin Kawusan a Agadas a 1916 da 1917, wanda yake da alaƙa da ɗariƙar Sanusiyya, sun ƙara musu wannan tsoro. Da sojojin Faransa suka sake kama Agadas a 1917 sun karkashe malamai da yawa. Daga nan kwamandoji suka bi hanya ɗaya: malamin da ya yi shiru a ba shi riga da girma, wanda ya ɗaga murya a sa masa ido.

Masu kawo bishara ma ba su sami maraba sosai ba. 'Yan mishan na SIM sun sauka a Damagaram a 1924, bayan 'yan shekaru suka buɗe tasha a Tsibiri, a 1950 suka kafa asibitin Galmi, daga baya kuma asibitin kutare na Danja kusa da Maraɗi. Katolika sun fara aiki a Yamai a 1931. Da yake mutanen SIM daga Amurka da Kanada da Ingila suka fito, ta Nijeriya kuma suka shigo, kwamandojin Faransa suna yi musu kallon 'yan leƙen asiri. Dokar makaranta ta ce sai da Faransanci za a koyar, su kuwa da Hausa suke wa'azi, suna karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka gama bugawa a 1932. Saboda haka ba a sami yawan makarantun mishan irin na Jos ko kudancin Kaduna ba, masu bi kuma suka tashi kaɗan, yawancinsu manoma da ma'aikatan asibiti.

Akwai wani abu da ya dasu a wannan zamani wanda har yanzu bai tumɓuke ba. Da Hausa kalmar Nasara tana nufin Bature, tana kuma nufin Kirista. Kwamandan da yake karɓar haraji yana kama mutane aikin tilas Nasara ne, ko da bai taɓa shiga majami'a ba. Bahaushen Tsibiri da ya karɓi baftisma shi ma sai a ce ya shiga addinin Nasara. Suna ɗaya ya haɗa mai mulki da talakan da ba shi da kome sai Littafinsa, ranar biyan bashi kuwa talakan ne yake kusa.

Jori da Kunce

Nijar ta sami 'yancin kai ran 3 ga Agusta, 1960, a ƙarƙashin Jori Hamani. Tsarin mulkinta ya ɗauko kalmar laïcité daga na Faransa. Aka bar Lahadi ranar hutu, aka sa Kirsimeti da Litinin ta bayan Ista cikin ranakun hutu tare da Sallah ƙarama da babba da Mauludi. A wannan lokaci ne ikkilisiyoyin da SIM ta haifa suka haɗu suka zama Ikkilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, wadda aka sani da EERN. Jori yana girmama manyan malamai, Nijar kuma tana cikin ƙasashen da suka kafa Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a 1969, amma jam'iyya ɗaya ce take magana a ƙasa.

Ran 15 ga Afrilu, 1974, ana tsakiyar yunwa, Seyni Kunce ya kifar da Jori. A shekarar nan aka kafa Ƙungiyar Musulunci ta Nijar, ita kaɗai gwamnati ta yarda da ita, tana da rassa har cikin gundumomi. Ta hannunta ake sanin wanda zai yi wa'azi da abin da zai faɗa. Bayan juyin Iran na 1979 da tarzomar Maitatsine a Kano a Disamba 1980, Kunce ya ƙara ɗaure igiya. A gefe guda kuma ya buɗe wa ƙasashen Larabawa ƙofa. Libiya ta gina babban masallacin Yamai, aka kafa Jami'ar Musulunci a Sayi, wadda ta fara karatu a tsakiyar shekarun 1980, samari da yawa suka tafi Masar da Madina neman ilimi. A cikin fada ma asiri bai rasa wurin zama ba, gama Bonkano, mashawarcin Kunce da aka sani da aikin malanta da duba, ya yi ƙarfi har ya nemi juyin mulki a Oktoba 1983.

Ga masu bi waɗannan shekaru na kwanciyar rai ne. Ba mai taɓa majami'a, domin kowa yana tsoron soja. Amma zaman lafiyar da tsoro ya kawo yana da iyaka. Kirista da Musulmi ba su koyi zama su tattauna yadda za su raba dandali ɗaya ba, gama dandalin a kulle yake, mabuɗin yana aljihun mutum ɗaya. Kunce ya rasu a Nuwamba 1987, Ali Saibu ya gaje shi ya sassauta.

Babban Taron Ƙasa da gardamar kalma ɗaya

Ran 9 ga Fabrairu, 1990, jami'an tsaro suka harbi ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy a Yamai. Daga nan ƙungiyoyin ma'aikata da na ɗalibai ba su sake yin shiru ba, har aka kira Babban Taron Ƙasa, wanda ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba, 1991, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa André Salifu. A wannan zamani ne kowa ya sami 'yancin kafa jam'iyya da ƙungiya da jarida. Cikin 'yan shekaru ƙungiyoyin Musulunci suka yawaita, kowace da shugabanta da wa'azinta. Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta riga ta shigo ta hannun alhazan Maraɗi masu fatauci da Kano da Katsina, yanzu ta sami rajista ta fito fili. Gidajen rediyo masu zaman kansu suka buɗe a tsakiyar shekarun 1990, kaset ɗin wa'azi ya cika kasuwa da tashar mota.

Gardama ta farko a kan kalma ɗaya aka yi ta. Da aka zo rubuta sabon tsarin mulki, ƙungiyoyin Musulunci suka ce a cire laïcité. Kalmar ba ta da takwara a Hausa ko Zabarmanci, masu fassara kuwa sukan ce "ba ruwan gwamnati da addini", ko ma "ƙasa marar addini". Mutumin da yake sallah sau biyar a rana, in ya ji an ce ƙasarsa marar addini ce, ba zai ji daɗi ba. Waɗansu suka nemi a rubuta cewa Nijar ƙasar Musulunci ce. 'Yan boko suka ƙi. A ƙarshe aka yi sulhu: tsarin mulkin da jama'a suka amince da shi ran 26 ga Disamba, 1992, ya bar kalmar, ya sa wata jimla mai cewa gwamnati ba ta ɗauki wani addini ya zama nata ba, ya kuma hana kafa jam'iyya a kan addini ko ƙabila ko yanki. Tsarin mulki na 1999 da na 2010 suka ce a raba gwamnati da addini, amma suka sa shugaban ƙasa ya yi rantsuwa a kan Littafi mai tsarki na addininsa.

Bai kamata a ɗauka cewa masu wannan kuka ba su da hujja ba. Dokokin ƙasa da Faransanci ake rubuta su, harshen da mutum kaɗan ne suke karantawa. Kuɗin yuraniyom ya faɗi tun shekarun 1980, gwamnati ta kasa biyan albashi wata da watanni, makarantun boko suka yi ta yin shekarar banza, a Janairu 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Inda gwamnati ta janye, ƙungiyar addini ce ta gina makaranta, ta haƙa rijiya, ta raba hatsi da azumi. Wanda ya ciyar da jama'a kuwa dole a saurare shi. Haka ya sa lokacin da gwamnati ta kawo dokar iyali a 1993 da 1994, mai maganar aure da saki da gado, ƙungiyoyin suka tsaya suka ce ta saɓa wa shari'a, aka ajiye ta. A 2006 majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin mata saboda irin wannan matsi. 'Yan siyasa suka gane cewa ba jam'iyyar addini a takarda, amma ba wanda zai ci zaɓe in mumbari ya juya masa baya.

Ƙofar da ta buɗe wa masallaci ita ce ta buɗe wa majami'a. Wajen 1990 ikkilisiyar EERN ta rabu saboda rikicin shugabanci, sababbin ikkilisiyoyin Fentikos kuma suka shigo daga Nijeriya da Burkina Faso da Benin, da ganguna da lasifika da wa'azin rediyo. Tsofaffin masu bi sun saba da tafiya a hankali, suna gaida liman, suna zuwa suna da jana'izar maƙwabta. Waɗansu daga cikin baƙin masu wa'azi ba su san wannan ladabi ba, sukan faɗi magana a kan addinin maƙwabci wadda ba ta kamata ba. Wannan ma yana cikin tarihin, ba daidai ba ne a ɓoye shi.

Maraɗi, Nuwamba 2000

A Oktoba 1999 jihar Zamfara ta yi shelar shari'a, jihohin Nijeriya da suke kan iyaka da Nijar suka bi sahu. Mata masu zaman kansu da masu sayar da giya da yawa suka ƙetaro Maraɗi da Birnin Ƙonni. Mutanen gari suka fara gunaguni cewa an share ƙazanta daga can an zubo musu. Ana cikin wannan sai aka shirya bikin nuna tufafin ado na Afirka, wanda ake kira FIMA, na maɗinkin nan Alphadi. An yi na farko a hamadar Agadas a 1998, na biyu kuma aka kawo shi kusa da Yamai a Nuwamba 2000, da goyon bayan gwamnatin Tanja Mamadu. Ƙungiyoyin Musulunci suka ce bikin tsiraici ne, a ƙasar da talaka ba ya samun abin kai wa baki.

Zanga-zanga ta tashi a Yamai da Maraɗi. A Maraɗi aka farfasa mashaya da rumfunan caca da gidajen mata masu zaman kansu, aka kuma auka wa harabar SIM da majami'ar Vie Abondante da wuta. Ba Kirista ne suka shirya FIMA ba, da yawa daga cikin fastoci ma ba su ga kyawunsa ba. Fushin da gwamnati ne da baƙin da ta gayyato, amma fadar gwamnati tana da masu gadi, majami'a kuwa ba ta da su. Hausawa sukan ce an bar jaki ana dukan taiki. Gwamnati ta kama shugabanni, ta rushe waɗansu ƙungiyoyi, ƙura ta lafa. Sai dai an riga an koyi hanya. A Satumba 2012, saboda wani fim na ɓatanci da aka yi a Amurka, an sake bin hanyar nan zuwa majami'ar Katolika ta Damagaram.

Kwana biyu na Janairu 2015

Ran 7 ga Janairu, 2015, 'yan bindiga suka kashe mutum 12 a harin da suka kai wa jaridar Charlie Hebdo a Paris. Ran 11 ga wata Shugaba Mahamadu Isufu ya shiga jerin gwanon shugabannin duniya a can domin nuna alhini. Ran 14 ga wata jaridar ta sake buga zanen Annabi Muhammadu a bangonta. Gwamnatin Nijar ta hana sayar da ita, amma labari ya riga ya zaga ta wayar hannu. Ga talakan Damagaram, shugabansa ya tafi ya tsaya tare da masu zagin Annabinsa. Akwai kuma tsamin siyasa, gama Damagaram gari ne na 'yan adawa, zaɓen 2016 yana matsowa, samari marasa aikin yi kuwa sun cika unguwanni.

Aka ƙone cibiyar al'adun Faransa ta Damagaram da majami'u da makarantar mishan da kantunan Kirista. Ɗaruruwan masu bi suka fake a barikin soja. A Yamai, ban da majami'u, an ƙone otal-otal da mashaya da gidan marayu. Jami'an tsaro sun kare babbar majami'ar Katolika, amma na unguwanni sun tafi. Babban Bishop Michel Cartatéguy ya dakatar da sujadar Lahadi. Gwamnati ta sa kwana uku na makoki, shugaban ƙasa ya fito a talabijin ya ce masu ƙone ɗakunan sujada suna kashe 'yan'uwansu Kirista ba su fahimci Musulunci ba, malamai da dama kuma suka yi kira a kwantar da hankali.

Akwai wani gefen labarin da masu bi da yawa suka shaida. A unguwanni dabam-dabam Musulmi ne suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye iyalan Kirista, waɗansu suka tsaya a bakin gida suka ce wa taro ba mai shiga. Inda aka san fasto da sunansa, aka san matarsa a wurin biki da makoki, sau da yawa an sami mai tsaya masa. Bayan wutar shugabannin ikkilisiyoyi suka yi shelar gafara a fili, ba a kuwa ji an ɗauki fansa ba. Jama'a suka yi sujada a ƙarƙashin rumfuna da cikin bangaye masu baƙin hayaƙi har aka sake gini. A shekarar nan ce Laurent Lompo, ɗan ƙasa na farko da ya zama bishop, ya hau kujerar Babban Bishop na Yamai.

Bindiga a kan iyaka, fassara a cikin gari

Daga Fabrairu 2015, lokacin da Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, matsalar masu ɗaukar makami da sunan addini ta tsananta. A yamma, wajen iyakar Mali da Burkina Faso, ƙungiyoyi masu biyayya ga Alƙa'ida da Da'ish suka kafu. A Satumba 2018 aka sace Fada Pier Luigi Maccalli a ƙauyen Bomoanga, sai a Oktoba 2020 aka sake shi a Mali. Kirista na ƙasar Gurma da yawa sun bar ƙauyukansu. Amma yawancin waɗanda wannan wuta ta ci Musulmi ne, manoma da makiyaya da sojoji da hakimai da limamai. Ran 21 ga Maris, 2025, an kashe mutum 44 suna sallar Jumma'a a masallacin Fambita, cikin jihar Tillaberi.

Domin ta sa ido a kan wa'azi da kuɗin da ke shigowa daga waje, gwamnati ta kawo dokar tsara harkokin ibada a Yuni 2019. Wani limamin Maraɗi ya soki dokar a huɗuba, ya ce ta saɓa wa Musulunci, aka kama shi. A daren 15 ga wata magoya bayansa suka ƙone majami'ar Assemblées de Dieu ta unguwar Zariya da motar fasto. Kashegari aka sake shi, ya nemi gafara, ya ce waɗanda suka fassara masa takardar daga Faransanci zuwa Hausa ne suka ɓatar da shi. Majalisa ta zartar da dokar ran 17 ga wata. Shekara 27 bayan gardamar laïcité, matsalar ba ta sake ba: doka da harshen da jama'a ba sa ji, fassara a bakin wanda ya ga dama, wuta kuma a ƙofar wanda ba ya cikin maganar.

Bayan Yuli 2023

Ran 26 ga Yuli, 2023, Janar Abdurrahman Tiani ya kifar da Shugaba Bazum Mohammed, aka dakatar da tsarin mulkin 2010. Da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yi barazanar kawo soja, sai aka ga irin nisan da addini ya yi a harkar mulki. Tawagar farko, wadda take da Janar Abdussalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, ba ta sami ganin Tiani ba. Amma cikin Agusta ya karɓi Muhammadu Sanusi na biyu, halifan Tijjaniyya na Nijeriya, sa'an nan ya karɓi ayarin malamai a ƙarƙashin Shaikh Abdullahi Bala Lau, shugaban Izala. Ƙofar da ta gagari jakadu ta buɗe wa masu rawani. Bishop-bishop na Katolika na Afirka ta Yamma su ma suka fito suka ce kada a yi yaƙi. A wannan karo masallaci da majami'a bakinsu ya zo ɗaya, yaƙin kuwa bai auku ba.

A Maris 2025 gwamnatin soja ta fitar da sabon kundin tafiyar da ƙasa, wanda ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan mataki yana da nauyi ga maganar da ake yi a nan, domin duk ranar da za a sake zama a kan dangantakar addini da mulki, akwai hali a yi ta da harshen da liman da fasto da mai tallan goro duk suke ji.

Abin da tarihin yake koyarwa

Cikin shekara 100 ikkilisiyar Nijar ta zauna a ƙarƙashin inuwa iri uku. Ta farko ita ce ta kwamandan Faransa, wanda bai ƙaunace ta ba, ya kuma bar mata sunan Nasara. Ta biyu ita ce ta soja, wadda ta kare ta muddin mai bindigar yana da rai. Ta uku ita ce ta takardar tsarin mulki, wadda take da amfani ƙwarai, ya kuma wajaba masu bi su riƙa neman a kiyaye 'yancin sujada a cikinta, amma an dakatar da ita a 1996 da 1999 da 2010 da 2023, ba ta kuwa kashe wutar 2015 ba. Addini ya fito dandali, ba alamar zai koma zaure. Ba laifi ba ne mutum ya shigo harkar ƙasa da tsoron Allah a zuciyarsa, Kirista ma haka yake so ya yi. Haɗarin yana wurin da mai neman kujera ya hau kan addini kamar doki, da wurin da aka ɗora wa maƙwabci laifin baƙon da ke ƙetaren teku.

Annabi Irmiya ya rubuta wa Yahudawan da aka kai bauta Babila wasiƙa, wadda take cikin sura 29 ta littafinsa, ya gargaɗe su su gina gidaje, su yi noma, su yi wa birnin addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da lafiyarsa. Masu bi na Maraɗi da Damagaram da Dogon Dutse ba bayi ba ne a baƙuwar ƙasa, a nan aka binne cibiyarsu, saboda haka gargaɗin ya fi kama su. Asibitin Galmi ya yi fiye da shekara 70 yana karɓar marasa lafiya ba ya tambayar addininsu, makarantun mishan na Yamai da Maraɗi kuma sun koyar da 'ya'yan Musulmi masu yawa. Irin wannan aiki, da gaisuwar safe, da zuwa ta'aziyya, da kame baki daga zagin abin da maƙwabci yake girmamawa, su ne suka sa aka buɗe ƙofofi a Janairu 2015. Wajibi ne ikkilisiya ta koya wa 'ya'yanta wannan tun suna ajin baftisma, ta kuma koya musu su san dokar ƙasarsu, su iya bayyana ta da Hausa, su shiga kwamitocin sulhu na unguwa da na jiha tun ba a shiga wahala ba.

Allah ya ba ƙasar Nijar shugabanni masu adalci, ya ba malamai da fastoci harshe mai sanyi, ya kuma kiyaye talakawanta duka. Amin.